Wa ya ce eh, wa ya ce a'a? Yadda majalisar jiha ke zartar da manyan dokoki

Auwalu Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a mayar min da ita faɗan jam'iyya. Ranar Alhamis 23 ga Mayu 2024 majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu biyar, gwamna ya sa hannu a ranar. Wannan kowa ya sani. To cikin 'yan majalisa 40, wa zai iya kawo mana jerin sunaye, wane ya goyi baya, wane ya ƙi, wane ma bai zo ba? Duk inda na duba abin da nake gani shi ne "majalisa ta amince". Ni kuwa ba majalisa na zaɓa ba, mutum ɗaya na zaɓa, kuma shi nake so in san abin da ya yi.

Jar Hula Dala:
Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, ka ce kada a kawo jam'iyya amma da ta 2024 ka buɗe baki. Me ya hana ka fara da ta 2019?

Auwalu Fagge:
To mu fara da ita, ai ita ce uwar. Litinin 6 ga Mayu 2019 aka karanta takardar koken neman ƙarin masarautu a zauren majalisa, Laraba 8 ga wata an gama komai, Ganduje ya sa hannu, aka wayi gari da sababbin masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Ita ma kawo min jerin sunayen. Tambayata ɗaya ce ga ɓangarorin biyu.

Ɗan Bichi:
Mu dai an ba mu, an kuma ƙwace, duk ba wanda ya zo ya tambaye mu.

Barista Hadiza:
Salamu alaikum. Malam Auwalu, ba za ka samu jerin nan ba, ba don an ɓoye shi ba, sai don tun asali ba a rubuta shi. Kusan duk abin da majalisun jihohinmu ke zartarwa da ƙuri'ar murya ake yi. Shugaban majalisa zai ce masu goyon baya su ce eh, a amsa, ya ce masu ƙi su ce a'a, a amsa ko a yi shiru, sai ya faɗi ɓangaren da kunnensa ya ce masa ya yi rinjaye, ya buga guduma. Abin da akawu zai shigar a kundin zaman ranar shi ne an gabatar, an amince. Ba adadi, ba suna.

Abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada kuma, ga shi a taƙaice, don mu san a kan me muke gardama. Sashe na 91 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba, shi ya sa Kano da Legas suka tsaya a 40. Sashe na 96 ya ce kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa sun isa a yi zama. Sashe na 98 ya ce ana yanke magana da rinjayen waɗanda suke zaure suka kuma kaɗa ƙuri'a, shi kuwa mai jagorantar zama ba ya jefa tasa sai an yi kunnen doki. Yanzu ku yi lissafi da Kano. Mutum 14 ban da shugaba sun isa zama. Cikin 14 ɗin, takwas suka ce eh, magana ta ƙare. Wato mutum takwas cikin 40 za su iya yin dokar da za ta hau kan duk ƙananan hukumomi 44, kuma ba su saɓa wa tsarin mulki ba.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Takwas? Barista ko a kwamitin bikin unguwa ai mun fi haka tsauri.

Barista Hadiza:
Har akwai abin da ya fi wannan, Maman Khalifa. Shi kansa ƙirgen 14 ɗin, yadda sashen ya tsara, sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce ba a cika ba sannan shugaba zai tsaya ya ƙirga. In kowa ya yi gum, zama na tafiya.

Bazazzagi:
Kanawa kun ga ta kanku. Ku da komai naku sai ciniki, ashe har doka ma a sari kuke yinta, kwana uku an ɗaure kaya.

Auwalu Fagge:
Bawanmu, ka yi a hankali. Wace majalisa ce ta fara tsige gwamna a Najeriya in ba taku ba?

Bazazzagi:
Ka taɓo inda nake so, kuma bari in bar wasa. Majalisar tsohuwar jihar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Shi ɗan PRP, majalisa kuwa NPN ce ke da rinjaye. Tun daga 1979 yake aika musu sunayen kwamishinoni suna watsi da su, har ya bar mulki bai kafa majalisar zartarwa ba. Na kawo wannan ne don masu cewa matsalarmu ita ce majalisa ta zama 'yar amshin shatan gwamna. Ga majalisar da ba ta amsa wa gwamna ko kalma ɗaya ba, amma talakan Kaduna me ya samu? Ba don jama'a suka ƙi shi ba, umarnin jam'iyyarsu suka bi. Ko ta bi gwamna ko ta yaƙe shi, daga sama ake turo mata abin da za ta yi.

Jar Hula Dala:
Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. An yi zaɓe a 2023, kowa ya san matsayin kowace tafiya a kan masarautu tun kafin a jefa ƙuri'a, jama'a suka ba NNPP gwamna suka ba ta rinjaye a majalisa. Me kuke so su yi, su shekara suna jan ƙafa? In an yi jinkiri ku ce ba sa aiki, in an yi sauri ku ce an yi gaggawa. Ƙuri'ar da ta fi kowace ƙuri'a an riga an kaɗa ta a akwati.

Ɗan Bichi:
Haka su ma na 2019 suka ce, su ne da rinjaye. Ka yarda da tasu a lokacin?

Jar Hula Dala:
Tasu kotu ce ta rushe ta, ba ni ba.

Barista Hadiza:
Gaskiya ne, amma a ƙarasa labarin. A watan Nuwamban 2019 babbar kotun jihar Kano ta soke dokar farko saboda ba a bi ƙa'ida wajen yinta ba. Me ya biyo baya? Gwamnati ta aiko da sabon ƙudiri daga ɓangaren zartarwa, majalisa ta zartar ranar 5 ga Disamba, aka sa hannu a ranar. Tsakanin hukuncin kotu da sabuwar doka mako biyu ne. Kotu tana iya cewa ku koma ku bi matakai, amma ba ta iya sa mutane su yi muhawarar gaske. Karatu na ɗaya, karatu na biyu, kwamiti, karatu na uku, duk ana iya jera su a yini guda in an jingine dokokin zama, kuma sashe na 101 ya bar wa majalisa ikon tsara yadda za ta tafiyar da aikinta.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Na yi aiki a wata majalisar jiha har na yi ritaya, ba zan faɗi wacce ba, kuma ba lallai ku ɗauka Kano ce ba. Abin da zan gaya muku shi ne, wanda ya zo zaure don ya ga inda ake yanke shawara ya makara. A zaure sanarwa ake yi.

In ƙudiri mai nauyi ne, wasiƙar gwamna ce ke rako shi. Kafin a karanta wasiƙar nan a bainar jama'a, shugabannin majalisa sun riga sun zauna, wato shugaba da mataimakinsa da shugaban masu rinjaye da mai tsawatarwa. Daga nan 'yan jam'iyya mai rinjaye su yi nasu taron, wani lokaci a gidan shugaban majalisa, wani lokaci a gidan gwamnati da daddare. A can ake faɗa na gaskiya. Na sha jin mutum ya ɗaga murya a irin wannan taro yana cewa in na goyi bayan wannan ba zan iya shiga garinmu ba. A can ake lallashi, a can ake alkawarin rijiyar burtsatse da gyaran asibitin mazaɓa, a can ake tuna wa mutum wanda ya ba shi takara. Da safe kuma kafin a buɗe ƙofa sai a yi zaman sirri, a raba aiki: kai za ka gabatar, kai za ka mara baya, ku uku za ku yi magana, kowa minti kaɗan. Shi wanda ya yi ta hayaniya jiya sai ka gan shi ya sunkuyar da kai yana danna waya, ko kuwa ya aiko cewa ya tafi ta'aziyya.

Kada ku ɗauka duk ƙudiri haka yake gudu. Ƙudirin da ɗan majalisa ya kawo da kansa, wanda babu idon gwamna a kai, yana iya wuce karatu na biyu a tura shi kwamiti ya kwanta har wa'adin shekara huɗu ya ƙare, ya mutu a nan. Ba wanda ya ce a'a, ba a dai sake sa shi a takardar ayyukan rana ba. Mafi yawan ƙudirorin da suka mutu a gabana haka suka mutu, ba a taɓa kaɗa musu ƙuri'a ba balle a ce an kayar da su.

Maman Khalifa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, amma Kano ba ta samu tata ba sai a watan Mayun 2023, shekara 20 ke nan. Na san akwai wuraren da malamai suka ce sai an gyara don su dace da addini da al'ada, kuma ban ƙi ba. Amma gyaran shekara 20? Dokar sarauta kuwa kwana uku. Dokar gwajin lafiya kafin aure ma sai 2024 aka sa mata hannu, alhali tun yaushe iyaye ke jinyar 'ya'ya masu sikila.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Amin 'yata. Abin da na ce ke nan, saurin doka yana bin wanda yake jiranta.

Auwalu Fagge:
Baba, to ai wannan ne ya sa nake cewa a rubuta sunaye. In mutum ya san za a buga cewa ya ce eh, dole ya yi tunanin mutanen garinsu kafin ya buɗe baki.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Auwalu, ban ƙi taka ba, amma bari in nuna maka ɗaya gefen. Ranar da aka ce kowa ya miƙe a kira sunansa ya faɗi matsayinsa, ba mutanen garinsu kaɗai ke saurare ba, gidan gwamnati ma na saurare. Mutanen gari sai bayan shekara huɗu za su hukunta shi, in ma sun tuna. Gwamna kuwa gobe da safe. A cire shi daga shugabancin kwamiti, a tsayar da aikin mazaɓarsa, a ɗaga wani yaro a ƙaramar hukumarsa a fara shirya shi don takara. Ƙuri'ar murya, duk da muninta, tana ba mai rauni inda zai ɓuya. Yana iya yin shiru, ba wanda zai ce ya yi tawaye.

Barista Hadiza:
Baba, da girmanka, a nan zan saɓa maka. Wa yake ɓuyar wa? Zaure ne na mutum 40 ko ƙasa da haka. Shugaba yana kallon fuskar kowa, mai tsawatarwa aikinsa ke nan ya san wanda ya amsa da wanda ya yi shiru, kuma kai da bakinka ka ce tun daren jiya an san matsayin kowa. Gwamna bai taɓa buƙatar jerin sunaye ba, yana da shi. Mutum ɗaya ne ƙuri'ar murya ke rufe wa ido, shi ne mai zaɓe. Shi ya sa ɗan majalisa zai iya ce wa gwamna ai ina tare da kai, ya koma mazaɓa ya ce wallahi ni ban yarda ba rinjaye aka yi mana, kuma ba mai iya ƙaryata shi a ko'ina.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Kin iya magana, lauya. Ina dai gaya muku halin mutanen da na zauna da su.

Ɗan Bichi:
Barista ta faɗi abin da ke cin raina. Ka je yankunan da aka rushe wa masarauta ka ji yadda ake ta jifan juna da zargi, wane ya sayar da mu, wane bai sayar ba. Da akwai takarda da an huta. Sannan a watan Yulin 2024 aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu, aka bar Bichi. A wane zaman jin ra'ayin jama'a aka yanke cewa uku za su dawo ɗaya ba za ta dawo ba?

Jar Hula Dala:
Ɗan uwa, a wane zaman jin ra'ayi aka yanke a tsaga masarautar da ta shekara ɗaruruwa a dunƙule? Gyara aka yi.

Admin:
Jama'a a dawo kan batu. Ba muhawarar wane ne sarki muke ba, wannan mun yi ta har mun gaji. Maganar yadda ake kaɗa ƙuri'a ake yi. Wanda ya sake zagin wani zan cire saƙonsa.

Sadiku Houston:
Gaisuwa ga manya. Ina zaune a Texas, bari in faɗi yadda nasu yake, ba don in ce su mala'iku ba ne, su ma suna da nasu rikicin. Majalisar jihar ba ta zaman yau da kullum sai sau ɗaya a shekara biyu, kwana 140, sai in gwamna ya kira zama na musamman. Mu kuwa sashe na 104 ya wajabta wa majalisar jiha zaman aƙalla kwana 181 a kowace shekara. Amma a nan in an zo zartar da ƙudiri a majalisar wakilai, kowa na da maɓalli a teburinsa, sunansa ya fito a allo, daga baya ka shiga intanet ka ga yadda wakilinka ya yi. Lokacin zaɓe da wannan ake yaƙar mutum, a ce ranar kaza ka goyi bayan kaza.

Na biyu, kafin su yi zama sai kashi biyu bisa uku sun halarta, wato 100 cikin 150. Shi ya sa a 2021 'yan Democrat fiye da 50 suka hau jirgi suka tafi Washington don a rasa adadin da za a zartar da dokar zaɓe. A ƙarshe dokar ta wuce, amma sun riƙe ta makonni, duk ƙasar ta san abin da ke cikinta. A wurinmu in marasa rinjaye suka fice daga zaure sun ma sauƙaƙa wa masu rinjaye aiki.

Bazazzagi:
Sadiku, allon naku da wutar NEPA yake aiki ko da janareta?

Sadiku Houston:
Yaya, mutum 40 ne fa. Akawu da biro da takarda ya isa, minti goma an gama kiran suna.

Barista Hadiza:
Kuma ba sai mun je Amurka ba. A dokokin zaman majalisunmu akwai damar ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin shugaba ya nemi a raba zaure a ƙirga. An yi a majalisar dattawa a watan Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Abaribe ya nema, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, 52 suka tsaya a gefe guda, 28 a ɗaya gefen, wasu 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga sunaye, kowa ya ga sanatansa, har da waɗanda suka sulale. Surutun da ya biyo baya bai tafi a banza ba, bayan 'yan watanni majalisar ta janye matsayinta ta bar wa INEC ikon. Ku kwatanta da watan Maris na 2025, lokacin da majalisar tarayya ta amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas. Sashe na 305 kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa yake nema, amma da murya aka yi. Ta yaya kunne ke auna kashi biyu bisa uku?

Malam Gusau:
Ni abin da ke ba ni tsoro ba ma muryar ba ce, ƙirgen kawunan ne. Ribas ɗin da Barista ta ambata, majalisa ce mai mutum 32, amma a Disambar 2023 gwamna Fubara ya gabatar da kasafin kuɗi gaban 'yan majalisa huɗu, suka zartar, ya sa hannu. A ranar da ya gabatar ana rushe ginin majalisar. Sai a Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa abin da aka yi bai halatta ba. A Oyo, 2006, mutum 18 cikin 32 suka shirya tsige gwamna Ladoja, har da zama a otal, kotu ta maido shi bayan wata 11. A Filato ma a 2006 ɗin 'yan tsiraru cikin 24 suka tsige gwamna Dariye, shi ma kotu ta maido shi. A Edo, 2019, mutum tara cikin 24 aka rantsar da daddare suka zaɓi shugaba. Kullum sai an gama ɓarna kotu ke isowa.

A jiharmu kuma mun ga irin saurin da kuke magana, sai dai wannan karon jama'a sun yi murna. Nuwamban 2019, bayan wasiƙar tsohon gwamna Yari ta neman a biya shi naira miliyan 10 na wata-wata ta fito fili, majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni nan take, Matawalle ya sa hannu washegari. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma majalisar jihar ce dai ta yi dokar tun farko, kuma ita ma ba mu san wa ya ce eh ba.

Jar Hula Dala:
To kun gani. In saurin ya yi muku daɗi sai ku yi tafi.

Auwalu Fagge:
Wannan gaskiya ka faɗa, kuma ta hau kan kowa a zauren nan har da ni da kai. Shi ya sa ban ce a hana sauri ba. Akwai ranar da sauri ke da amfani, kamar annoba ko ambaliya. Cewa na yi ko a yini ɗaya za a yi, a rubuta wa ya yi.

Maman Khalifa:
Tambaya Barista. In gwamna ya ƙi sa hannu fa? Ko shi ke nan doka ta mutu?

Barista Hadiza:
A'a. Sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa ta sake zartarwa da kashi biyu bisa uku, ta zama doka ko ba hannunsa. A majalisa mai mutum 40, kashi biyu bisa uku 27 ne. Adadin nan ne kuma ake buƙata a cire shugaban majalisa, da kuma matakan tsige gwamna a sashe na 188. Amma da wuya ki ga an tsallake gwamna sai in an ɓata da shi, kamar yadda 'yan majalisar Ribas masu biyayya ga Wike suka riƙa yi wa Fubara a 2024. Nan ma faɗan manya ne.

In kina son ki ga iyakar ƙarfin gwamnoni a kan majalisun nan, dubi gyaran tsarin mulki. Sashe na 9 ya ce sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A 2010 aka kawo musu gyaran da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu, ba sai sun jira gwamna ba, aka rasa jihohin da za su cika adadin. Mutum a miƙa masa mukullin ɗakinsa ya ce a bar shi a hannun maigida. Sai a 2018 gyaran ya shiga. 'Yancin ƙananan hukumomi kuwa a gyaran da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 bai samu jihohi 24 ba, sai da Kotun Ƙoli ta shiga maganar kuɗinsu a Yulin 2024.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Kuma ku tuna abin da ke samun wanda ya ɗaga kai. Ranar 9 ga Maris 2020, ranar da aka sauke Sarki Sanusi, an yi hatsaniya a zauren majalisar Kano har aka kai hannu kan sandar majalisa. Bayan mako guda aka dakatar da 'yan majalisa biyar na wata shida. Kotun tarayya ta soke dakatarwar daga baya, amma saƙon ya riga ya isa ga sauran. To wanda zai miƙe ya ce a raba zaure a ƙirga, sai ya shirya wa irin wannan. Shi ya sa nake ganin in za a yi, kada a bar shi a matsayin abin da mutum ɗaya zai roƙa. A sa shi cikin dokokin zama cewa karatu na uku na kowane ƙudiri, da kasafin kuɗi, da cin bashi, dole a kira suna. In dole ne, ba wanda za a ce shi ya tada fitina.

Barista Hadiza:
Yauwa Baba, a nan mun haɗu. Kuma wannan ba ya buƙatar Abuja ko gyaran tsarin mulki, majalisa da kanta za ta iya yi a zama ɗaya.

Bazazzagi:
Da ƙuri'ar murya za su kashe shi.

Jar Hula Dala:
Ni ban ƙi a rubuta ba. Namu ba sa jin kunyar abin da suka yi, da an kira suna da sun amsa da ƙarfi. Sharaɗina ɗaya, duk wanda ya karɓi mulki gobe shi ma a yi masa haka.

Ɗan Bichi:
Karo na farko da na yarda da kai tun da aka buɗe zauren nan.

Auwalu Fagge:
To Barista, kafin a kai can, yanzu me mutum zai iya nema a ba shi?

Barista Hadiza:
Abu uku za ka iya rubuta wa akawun majalisa ka nema: kundin ayyukan zaman ranar, rajistar waɗanda suka halarta, da rahoton kwamitin da ya duba ƙudirin. Ka kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Ba za ka ga wa ya ce eh ba, amma za ka ga wa ya zo, wa ya gabatar, wa ya mara baya, wa ya yi magana. Wanda ya ce maka ya yi adawa alhali sunansa ba ya cikin waɗanda suka halarta, ka kama shi.

Maman Khalifa:
A haɗa da dokar yara da ta gwajin aure a cikin wasiƙar don Allah, kada a tsaya kan sarauta kawai.

Malam Gusau:
In kun rubuta ku turo kwafi, mu canza sunan jiha mu kai tamu.

Auwalu Fagge:
Zan rubuta daftari in turo wa Barista ta duba. Ranaku uku zan sa na masarautu, 8 ga Mayu 2019, 5 ga Disamba 2019 da 23 ga Mayu 2024, sai na Maman Khalifa guda biyu. Jar Hula da Ɗan Bichi, ku biyun nake so ku sa hannu tare da ni, don kada a ce wani ɓangare ne ya turo mu.

Ɗan Bichi:
Turo.

Jar Hula Dala:
Sai na karanta tukuna.